Yayar Baba Munkaila Tana Jiran Fasto

Duk wanda ya taɓa yin rashi a unguwarmu ya san Baba Munkaila. Ba limami ba ne, ba attajiri ba, ko karatun kirki ba shi da shi. Mai haƙa kabari ne. Kafin mata su gama kukan farko ya saɓa diga da shebur ya nufi maƙabartar Tafo, kafin a gama wanka da sutura ya dawo da jar ƙasa har gwiwa ya ce, "Ɗaki ya yi." Haka yake kiran kabari. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma yana faɗa ko ba a tambaye shi ba: tun da ya fara wannan aiki yana saurayi, gawa ba ta taɓa jiransa ba.

Ni Mutaru ne, direban tasi. Ƙofar ɗakina na kallon tasa a gidan da muke haya, kuma mun daɗe a haka har 'ya'yana sun tashi suna zaton kakansu ne. Ni mai saurin fushi ne, shi kuwa ko ka taka shi sai ya tambaye ka ko ka ji ciwo. Saboda haka yawancin fushin da ke cikin wannan labari nawa ne.

Daga wajen Bawku, can arewa, ubansu ya zo da su Kumasi, shi da yayarsa Lamisi, don aikin gonar koko. Uban bai daɗe ba ya rasu. Lamisi ce ta goya Munkaila tana talla, ita ta ciyar da shi har ya yi ƙwari. Da ya girma ya shiga gidan wani mahauci yana taya shi aiki, a nan ya musulunta. Ita kuma ta auri wani mai gadi Kirista, ta bi shi coci. Ban taɓa jin sun yi cacar baki a kan wannan ba. Ran babbar salla cinyar rago tata ce. Ran Kirsimeti kuwa da kanta take kawo masa kazarta ya yanka, don kada ya sami dalilin ƙin cin miyar.

Mma Lamisi, kamar yadda kowa ke kiranta, tuwo take sayarwa a unguwar Buokrom, kuma a barandarta cocinsu ya fara. 'Yan arewa ne kaɗan, masu gadi da 'yan dako da matansu, kowa da yarensa, Hausa ce ta haɗa su. Da ita suke waƙa, da ita suke addu'a. Daga baya 'ya'yansu suka girma suka watsu, da yawa suka koma unguwar Atonsu, har da 'yarta Talata. Da tsufa ya kama Mma ta bi Talata can, ta ga Buokrom ta yi wa ƙafarta nisa, sai ta sake tara mutane a wata barandar. Coci ya zama biyu, fasto ɗaya. Da safe yana Buokrom da Hausa da ganga, kafin azahar yana Atonsu da Twi, yaren Asante, da Turanci da jita. Sunansa Fasto Awuni, kuma ni nake ɗaukarsa tsakanin wuraren biyu kowace Lahadi, yana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa a kujerar baya yana zuba mini ɓawon gyaɗa a mota.

Fasto Awuni ya rasu, aka kai shi garinsu aka binne. Ba a jima ba Mma Lamisi ta bi shi.

Da hantsi Talata ta bugo waya. Baba Munkaila ya share ido da bakin riga, ya shiga ɗaki ya fito da diga da shebur. Na ce ya bari mu fara zuwa Atonsu. Ya ce to, amma ya sa kayan aikin a bayan mota. Da muka isa Talata ta fito da jajayen idanu, ta ga ƙotar diga ta leƙo ta taga.

"Wofa, wannan fa?" Haka take kiransa, kawu ke nan a bakin Asante.

"Daga nan Tafo zan wuce. In an yi sauri kafin la'asar ta kwanta."

"Wofa, mun kai ta firij."

Ba wai bai san ana haka ba. Wanda ke Kumasi ya san gawar Kirista kan yi makonni a mutuware ana shirin jana'iza, ga hotunan mamata nan manne a kowace katanga. Sai dai bai taɓa kawo wa ransa cewa abin zai shigo gidansa ba. Ya ce ba laifi, kowa da yadda yake yi. Ya tambayi wace rana ce. Talata ta sunkuyar da kai. Ta ce kafin Mma ta cika ta tara dattawan cocin biyu ta yi musu wasiyya. Ta ce ita ta haifi cocin nan biyu, don haka kada a kuskura a aro mata faston wani coci ran jana'izarta. Fastonsu ne zai binne ta.

"To, fastonku ya binne ta mana."

"Ba mu da fasto, Wofa. Shi ake nema."

Washegari na kai shi wurin Elda Sumana, shugaban dattawan Buokrom, tsohon mai gadin sito ne, da farin gashi da Hausar da ba ta raba mace da namiji. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla. Akwai kwamiti, rabi daga nan rabi daga can. Mai neman aikin zai zo ya yi wa'azi a nan da safe, ya yi a can da rana. Sai kowane coci ya kaɗa ƙuri'a. In ɗaya ya ce e, ɗaya ya ce a'a, to a'a ce.

Baba Munkaila ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Mu in limami ya faɗi bayan azahar, kafin la'asar wani ya shiga gaba."

"Namu ba haka ba ne koraa, ko kaɗan," in ji Sumana. "Fasto ba mu ne muke zaɓa shi ba. Allah ne yake kira shi."

"To wa ya kira?"

"Shi muke nema."

"Ƙuri'ar fa?"

"Da ita muke gane wanda ya kira."

"In ku kun gane wannan, na Atonsu sun gane wancan fa?"

Sumana ya ce sai a ƙara addu'a. A mota Baba ya tambaye ni ko ni na fahimta. Na ce abin da na fahimta shi ne yayarsa za ta daɗe a inda take. Na yi nadamar faɗin haka.

Daga ranar Baba Munkaila ya shiga neman fasto, shi da ko ƙofar coci bai taɓa takawa ba. Duk Lahadin da baƙo zai yi wa'azi, in dai ba a yi mutuwa a unguwa ba, sai ya sa wankakkiyar riga ya shiga gaban motata. Ba ya shiga ciki. A ƙarƙashin taga yake zama kan benci, ya tuɓe takalmi ya ajiye gefe kamar a ƙofar masallaci, carbi a hannu, kunne a ciki.

Na farko matashi ne mai kwat mai sheƙi. Ya yi tsalle, ya yi gumi, ya jiƙa hankici biyu. Atonsu kamar su haɗiye shi. Tsofaffin Buokrom suka ce ba su ji ko kalma ɗaya ba sai ihu, kuma ya gaishe su da hannu a aljihu. Na biyu dattijo ne daga arewa, Hausa a bakinsa kamar zuma, har matan Buokrom suka yi ta share hawaye. A Atonsu rabin cocin ya yi gyangyaɗi, sauran suka ce mutumin ya kusa kai marigayi Fasto Awuni tsufa, in aka ɗauke shi baɗi ma sai an sake nema. Wani ya zo aka ce matarsa ba ta fara'a. Wani aka ce wa'azinsa ya yi gajarta. Na bayansa aka ce nasa ya yi tsawo.

Shi kuwa Baba duk sun yi masa. Tunda ni nake ɗaukar baƙin daga Buokrom zuwa Atonsu, yana da su a hannu tsawon hanya, kuma tambayarsa ɗaya ce. Da mun shiga cunkoson Kejetia sai ya juyo daga kujerar gaba ya ce, "Malam Fasto, ka iya binne mutum?" Mai kwat ɗin nan har ya kama murfin ƙofa, ya zaci barazana ce. Kowannensu dai in ya natsu yakan ce ya iya. Sai Baba ya dube ni ya buɗe hannu, wato to me kuma ake jira?

Watanni suka shige. Damina ta zo. A unguwa magana ta fara yawo cewa mai haƙa kabari ya koma coci da tsufansa. Wata mata a gidanmu ta hana shi aron buta, na kusa cin mutuncinta. Limamin masallacinmu ya kira shi bayan sallar asuba ya tambaye shi a hankali. Da ya ji zancen ya jinjina kai, ya ce ba abin da ya hana Musulmi ya haƙa wa 'yar'uwarsa kabari ya sa ta a ciki, sallar gawa ce kawai ba zai yi mata ba. Baba ya ce shi ko sallar bai kai ga tunaninta ba, ramin yake nema a ba shi izini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikinsa bai tsaya ba. Ana mutuwa, yana haƙawa. Mutumin da ya ci tuwo da mu jiya, yau kafin rana ta karkata Baba ya rufe shi ya yayyafa ruwa. In ya dawo sai ya zauna a ƙofar ɗaki bai ko wanke ƙafa ba. Ya rame. Wata rana ya ce da ni, "Mutaru, bare nake kwantarwa kullum. Wadda ta goya ni tana cikin durowa da lamba a ƙafa." Sai na tashi na je na zagi yaran da ke wasa kusa da motata.

Sai ga wani baƙo ya zo daga Tamale, dogo mai sanyin murya. A Buokrom ya yi Hausa, a Atonsu ya yi Twi, kuma ya san ya durƙusa wa tsofaffi. Nan aka yi tafi, can aka yi tafi. Mata suka fito suna rawa, wata ta yafa masa sabon zane a kafaɗa, duk coci ya ɗauka da "Amin!" har kwanon rufi yana amsawa. Baba ya leƙa ta taga ya ga Sumana yana rungume da mutumin, ya ga Talata tana dariya, dariyar da rabonta da ita tun rasuwar. Bai tambayi kowa ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, haka na ɗauka.

A wurin Baba Munkaila, in magana ta ƙare sai haƙa. Da sassafe ya tafi Tafo, ya sami masu kula da wurin, waɗanda duk sun san shi, suka nuna masa fili a ɓangaren Kirista. Bai taɓa haƙa na akwati ba. Namu siriri ne, da ɗan rami a ciki daidai kafaɗa. Wannan kuwa sai da ya je wurin kafinta ya auno faɗin akwati da igiya. Ya wuni yana yi shi kaɗai, ya ƙi a taya shi, ya goge bangon ramin sumul kamar za a yi masa fenti. Da yamma na kai shi Atonsu da ƙasa a jikinsa.

"Ɗaki ya yi," ya ce da Talata. "Ku sa rana."

Talata ta dafe ƙirji. "Wane ɗaki? Wofa, ba a yi ƙuri'a ba fa!"

"Tafin fa? Zanen fa?"

"Baƙo ne, dole a yi masa. Kowa ma an yi masa tafi."

"Amma kuna son wannan."

"Muna son sa paa, sosai ma. Shi ne bai so. Ya bugo ɗazu, wai wani coci a Takoradi sun kira shi, can zai je."

Baba ya tsaya baki sake. "Shi ma zaɓenku yake yi?"

"Haka ne."

"Ku kuna zaɓensa, shi yana zaɓenku, Allah kuma yana kira."

"Wofa, don Allah."

Kabari ba ya zama a buɗe da damina. Kafin mako ya zagayo masu kula da maƙabarta suka aiko cewa wasu Asante suna da tsoho, ko zai bar musu. Ya bar musu. Ya je ya tsaya daga nesa ya ga an sa wani mutum da bai sani ba a ramin da ya goge wa yayarsa. A hanyar dawowa ya yi kuka a motata, kuka sosai irin na yara, ni kuma na yi ta danna ham ba gaira ba dalili don kada 'yan trotro, motocin haya, su ji.

Lahadin da ta biyo baya kwamiti ya kira taron cocin biyu a Buokrom da yamma. Mun je, ya zauna ƙarƙashin tagarsa. Ciki ana ta kai ruwa rana. Na Buokrom suna cewa yaran nan sun manta inda suka fito, na Atonsu suna cewa in aka biye wa tsofaffi nan da 'yan shekaru ba mai zuwa coci sai kujeru. Kowane ɓangare kuma yana kafa hujja da Mma Lamisi: da tana nan da ga abin da za ta ce. Da aka ambaci sunanta karo na barkatai sai na ga Baba ya miƙe. Ya shiga ba takalmi, ya tsaya a tsakiya.

"Salamu alaikum," ya ce, don bai san wata sallamar ba. "Ni ban san al'adarku ba. Na yi ta zuwa ko zan gane, kaina sai ƙara kullewa yake. Kuna ta cewa da tana nan. Ai tana nan. Ba ta je ko'ina ba. Tana asibiti a cikin sanyi tana jiranku. Ni ban ce ku karya maganarta ba. Cocinku zai iya jira, ga shi kuna waƙa kowace Lahadi ba fasto. Ita ce ba ta da inda za ta kwanta. Ku ba ni fasto ko da na yini ɗaya ne."

Talata ta fashe da kuka. Na zaci magana ta ƙare, ashe sabuwa ce ta tashi. Wani ya ce faston yini ɗaya ai shi ne aron da Mma ta hana. Wani ya ce to a naɗa na riƙo. Wani ya tambaya ko na riƙo nasu ne ko ba nasu ba. Aka kasu gida biyu, kuma wannan karon ba Buokrom da Atonsu ba, kowane benci ya rabu da kansa. Sumana ya yi ta buga tebur. Can wata tsohuwa ta ce ita a ganinta, in mutum yana kwana a ɗakin Fasto Awuni, su suke dafa masa abinci, in ɗanta ba lafiya shi za ta tasa, to ba ta san me ya rage ba. Ba wanda ya yarda da ita sosai, ba kuma wanda ya iya musa mata.

Da aka zo wa za a ba riƙon, sai aka tuna da wani Fasto Sanni, mai koyarwa a wata makaranta a Ashanti New Town. Ya taɓa zuwa ya yi wa'azi, ni kaina da na ɗauke shi na manta fuskarsa. Hausarsa da gyara, Twi ɗinsa ma da gyara. Ba wanda ya so shi har ya yi faɗa a kansa, ba wanda ya ƙi shi har ya tashi ya fita. Aka ɗaga hannuwa. Baba ya ja rigata ya ce, "Wannan ɗaga hannun na gaske ne, ko shi ma na baƙo ne?" Na ce wallahi ban sani ba. Sai da Sumana ya zo da kansa ya kama hannunsa ya ce, "Munkaila, je ka haƙa. Mma zai kwanta ran Asabar."

Har yau da nake wannan rubutu Fasto Sanni na riƙo ne. Kwamiti na nan yana zama, baƙi na zuwa ana yi musu tafi. Baba kan tambaye ni wani lokaci ko wanda ya binne yayarsa nasu ne ko aro, in ce ya tambayi Sumana, Sumana ya ce ana kan addu'a.

Ran Asabar ɗin aka shimfiɗe ta a tsakar gidan Talata cikin farin leshi, an yi mata hoda, mutane suna zagayawa. Baba ya daɗe a tsaye a kanta. Mutumin da ya ga fuskar mamata ba adadi, amma duk na ranar ne, bai taɓa ganin wadda ta yi watanni ba. Ya miƙa hannu ya taɓa nata, sai sanyinsa ya sa ya janye da sauri kamar ya taɓa wuta. Ya dube ni.

A maƙabarta ma sai da aka rikice. Ba a shirya wa zai fara waƙa ba, sai Buokrom suka ɗauka da Hausa, Atonsu suka ɗauka da Twi a lokaci guda, ba wanda ya yarda ya saurara wa wani. Fasto Sanni ya tsaya a tsakiya da littafinsa yana duban nan yana duban can. Da suka gaji ya yi karatu, ya yi addu'a gajeriya, rabi da wannan harshe rabi da wancan. Samari suka zo da igiyoyi za su zura akwatin.

Baba ya ce su dakata. Su Talata suka dubi fasto, fasto ya ce a bar shi. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya sauka cikin ramin kamar yadda ya saba, ko da yake sai da na riƙe masa hannu. Rana ta take, tun safe take dukan wurin. Ya tsuguna ya tsince 'yan duwatsu ya jefo waje. Sannan ya shimfiɗa tafin hannunsa a ƙasan ramin, ya bar shi a nan jim kaɗan.

Ya ɗago ya dubi akwatin da ke bakin rami. Abin da ya saba faɗa a irin wannan wuri ba zai faɗa mata ba, nasu kuma bai iya ba. Ya miƙa hannu biyu sama.

"Zo, Yaya," ya ce. "Nan da ɗumi."